Zaman Talata da Masu Tsoron Idon Jama'a

Duk shekara sai an turo mini 'yan makarantar koyon jinya su ga wurin aikina, kuma duk shekara sai an sami wanda zai dubi ɗakin ya ce, "Baba Lawali, yanzu wanga shi na aikin? A jera kujeru a zauna ana hira?" Na bana har ƙarawa ya yi da cewa in dai haka ne, kakarsa ta fi ni ƙwarewa. Ban yi masa musu ba, wataƙila ta fi ni ɗin. Amma wata biyu suka rage in ajiye aiki, kuma ni ba mai haƙurin maimaita magana ba ne. Bari in rubuta muku sau ɗaya, wanda ya ga dama ya karanta.

Ni nas ne a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa. Na yi shekaru a ɗakin kwanciya ina allura, ina raba magani, ina rubuta kati, kafin Hajiya Kulu ta jawo ni cikin wannan aiki. Ita ce babbar nas ɗinmu a lokacin, gajeruwar mace mai ciwon gwiwa, kuma ita ta fara tara masu tsoron mutane a wani ɗaki da ke bayan asibitin. Mata ranar Litinin, maza ranar Talata. Ta ce tana neman namijin da zai riƙe na maza. Ban san abin da ta gani a jikina ba, domin kowa ya san ni da gaggawa. Ko shayi a tsaye nake sha.

Aikin farko da ta ba ni shi ne jera kujeru. Kujerun roba ne guda goma. Na jera su layi biyu kamar aji, na kawo tebur na sa a gaba, na ɗora littafi da biro, na tsaya ina jiran yabo. Ta shigo ta duba, ta ce in fitar da teburin.

Na ce, "Hajiya, ina za mu aza littahi?"

Ta ce, "Wa yac ce maka za a yi rubutu? Mutum shina magana kana rubutawa, ji zai yi kamar ofishin 'yan sanda yaz zo. Hitar da shi."

Muka kewaya kujerun kamar bakin rijiya, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Ɗaya ta sa ta dab da ƙofa, ta ce wannan ta sabon zuwa ce, kuma ƙofar ba a kulle ta, labule kawai ake saki. Wanda ya san zai iya fita a kowane lokaci, shi ne zai iya zama. Agogo a bango inda kowa zai gani, domin mutum ya san wahalar tana da iyaka: awa ɗaya da rabi, ko minti ba a ƙarawa. Tulun ruwa da kofi a gefe, domin baki yana bushewa, kuma tashi ɗibar ruwa hanya ce ta hutawa daga idon mutane ba tare da an gudu ba. Fanka kada ta yi ƙara, don muryoyin da za ku ji a ɗakin nan ƙanana ne. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya. Almakashi da auduga sun fi su tsada, amma ku gwada kuskure a ɗaya ku gani.

Zaman farko da na halarta, mutum shida ne. Aka yi sallama, aka zauna, sai shiru. Wani yana kaɗa ƙafa, wani yana murza hularsa, wani ya kafe ido a kan tulu. Na dubi agogo, minti uku. Na dubi Hajiya, ta naɗe hannu kamar mai jiran mota. Minti biyar. Na ji ba zan iya ba, sai na buɗe baki na shiga ba su labarin zafin gari da yadda wuta ta ƙi zuwa unguwarmu. Na yi ta zuba, suna gyaɗa kai, har lokaci ya cika. Ni a ganina na ceci zaman.

Da suka watse ta ce, "Lawali, mi ka korar ka? Gobara ta kama gidanku?"

Na ce na ga sun takura ne.

"Sun takura mana. Takurar sunka zo koyon zama da ita. Akwai wanda yab buɗe baki sau biyu zai yi magana, kai ba ka gani ba, kana bisa zancen lantarki. Shirun ga nasu na, ba naka ba."

Ta ciro tasbaha daga jakarta ta miƙo mini. Ta ce duk lokacin da bakina ya yi ƙaiƙayi, in ja ɗari tukuna. Wata shida ina ja. Har yau tana aljihuna ranar Talata, kuma har yau ina buƙatarta.

To, su wa ke zuwa? Mutanenmu suna cewa tsoro na daji, kunya na gida, kuma kunya abin yabo ce a wurinmu. Shi ya sa ciwon nan yake daɗewa a ɓoye. Yaro ba ya ɗaga ido, a ce mai ladabi ne. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ɗaurin aure, a ce kamili ne. Sai ya kai shekara talatin a tarar ba ya iya sayen tumatir a kasuwa. Wannan ba kunya ba ce. Da an dube shi gabansa ya faɗi, gumi ya karyo, murya ta yi rawa, ya tabbata a ransa kowa ya gani kuma kowa yana masa dariya. Sai ya gudu. Da ya gudu sai ya ji sanyi, kuma wannan sanyin shi ne tarkon, domin gobe tsoron ya fi na yau girma. Wasu likita yana ba su magani, yana kuma taimakawa. Wasu sun sha rubutu kafin su zo, kuma ban taɓa faɗa da kowa a kan haka ba. Amma tsoron mutane ba ya fita sai a cikin mutane, shi ya sa ake tara su wuri ɗaya.

Akwai Malam Ɗahiru, ma'aikacin gwamnati, mutum mai iyali. Daga Gidan Igwai yake takowa da ƙafa har Sabon Gari cikin ranar nan ta Sakkwato, ba don rashin kuɗin mota ba. In ya shiga agwagwa-da-buje, keken nan mai ƙafa uku, ba ya iya cewa "nan zan sauka" a gaban sauran fasinja. Sau da yawa an wuce da shi har inda mai keken ya ga damar tsayawa. Ranar da ya faɗi wannan a ɗakin, kansa a ƙasa yana jiran dariya, sai wani ya ce, "Wallahi ni ma haka." Ku riƙe wannan kalma. Ni ba zan iya faɗinta ba, likita ma ba zai iya ba. Saboda ita kaɗai ake jera kujeru goma maimakon biyu.

Bayan magana sai tsani. Kowa ana ba shi takarda ya rubuta abu goma da yake gudu, daga mai sauƙi zuwa wanda ko tunaninsa ba ya son yi. Shi zai rubuta, ba kai ba. Kowane mako ya ɗauki mataki ɗaya, a gwada shi a ɗaki tukuna, sannan ya fita gari ya yi, ya dawo ya ba da labari. Ba a tsallake mataki, kuma ba a sauka daga mataki sai gaba ya daina faɗuwa a kansa. Na Malam Ɗahiru mun jera kujeru uku mun yi keke, wani ya zama direba yana yi kamar bai ji ba, har sai da Malam ya ɗaga murya.

Sama'ila tela ne a Gawon Nama. Hannunsa a ɗinkin wuyan riga sai wanda ya gani, amma a can ƙuryar shagon yayansa yake zama, fuskarsa a bango. Yayan ne ke awo, shi ke ciniki, shi ke karɓar faɗan masu kaya. Shi ya kawo shi wurinmu, kusan da ja. Mako shida Sama'ila yana kujerar bakin ƙofa, ban ji komai daga bakinsa ba sai amsa sallama. Tasbahata ta sha wuya a kansa. A mako na bakwai na ce ya zo da tef ɗinsa. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na ce ya auna ni. Tef ɗin ya suɓuce masa ya faɗi sau biyu, amma da ya zo kafaɗa sai sana'a ta rinjayi tsoro, ya ce, "Malam, tsaya daidai mana, ka cika motsi." Maganarsa ta farko ke nan, kuma gaskiya ya faɗa.

Attahiru ya zo ne bayan Hajiya Kulu ta yi ritaya, ɗakin ya zama nawa ni kaɗai. Ɗan limami ne, mahaddaci, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Wata rana mahaifinsa ya yi tafiya, aka tura shi gaba ya ja Magariba a masallacin ƙofar gidansu. Ya kama surar da ya sani tun yana ɗan shekara bakwai, yana tsakiya sai ta ɗauke masa ɗif. Aka ɗora masa ayar daga baya, bai ji ba. Aka sake, bai ji ba. Ƙafafunsa suka riƙa rawa har na bayansa suna gani, da ƙyar aka kai sallama. Daga ranar bai sake shiga masallacin ba. Sannu a hankali ya bar kowane masallaci, ya bar zaure, ya bar makarantar da yake koyarwa. Shekara biyu yana sallah a ɗaki. Ku kwatanta abin da ake faɗi a unguwa a kan ɗan liman da ba a gani a jam'i.

Tsaninsa shi ya fi kowane tsari a waɗanda na gani, kuma ba dabarata ba ce. Shi ya ce, "Malam, ai Azahar da La'asar karatunsu a ɓoye na. Liman kabbara kawai shika ɗagawa." Saboda haka ya rubuta: sahun ƙarshe a masallacin da ba a san shi ba, sahun tsakiya, tayar da iƙama, jan Azahar da mutum biyu a ɗakinmu, jan La'asar da mu duka, haka har mataki na goma, Magariba a masallacin mahaifinsa. Da ya rubuta na goman sai ya ninke takardar ta yadda ba zai riƙa ganinsa ba. Cikin wata biyar ya kai mataki na huɗu. Muna tara a lokacin, kuma ban taɓa samun zama mai tafiya kamar wannan ba.

A shekarar ne na rushe shi da hannuna.

Wata Talata muna tsakiyar zama sai ga wani baƙo, an haɗo shi da takarda daga ofis. Daga wata ƙungiya yake, masu tallafa wa asibitoci, mutum mai fara'a da saurin baki. Ya ce sun ji labarin aikinmu, za su kawo mana fanka mai aiki da hasken rana da sababbin kujeru, hoto ɗaya kawai yake so na rahoto, daga baya ma zai ɗauka, fuska ba za ta fito ba. Lokacin bazara ne, muna zaune cikin gumi. Na juya na ce, "Jama'a, akwai wanda bai yarda ba?" Shiru. Na jira kamar numfashi biyu, ban ko taɓa aljihuna ba. Na ce, "To, bisimilla." Ya ɗauka, ya yi godiya, ya tafi.

Kwana goma bayan nan hoton ya shiga wayoyin mutane. Wani ya ciro shi daga inda ƙungiyar ta sa, ya rubuta a ƙasa wai ga masu taɓin hankali ana musu magani. Ɗauka daga baya a ɗakin da aka zauna a kewaye, ai dole na gaba su fito. Attahiru ya fito sosai. Sama'ila rabin fuska. Malam Ɗahiru an gane shi da zannar hularsa. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta. Na kira mutumin, ya ba da haƙuri, suka cire nasu, amma wanda ya riga ya bazu ya bazu.

Talata ta zo, na jera kujeru, na cika tulu. Babu wanda ya zo. Na fita bakin ƙofar baya na duba hanya, na dawo, na gyara labule, na sake fita. Awa ɗaya da rabi ina wannan safa da marwa. Talata ta gaba haka. Fankar ta iso a mako na uku, aka kafa ta, tana ta hura kujeru. Na kira wayoyinsu, wasu a kashe, wasu tana shiga ba a ɗauka.

Na hau kabu-kabu na tafi gidan Hajiya Kulu. Na tarar da ita a tsakar gida ta miƙe ƙafa, ana shafa mata magani a gwiwa. Na kwashe labari na faɗa mata, har da cewa ai na tambaye su.

Ta ce, "Gaban baƙon kat tambaye su?"

Na ce e.

"Mutumin da ba ya iya ce ma mai keke shi tsaya, shi zai ce ma baƙo mai takardar ofis a'a? Lawali, shekara nawa kana aikin ga?"

Na ce yanzu yaya zan yi su dawo.

"Kada ka ce ma kowa shi dawo. Ka bi su ɗai-ɗai, ka ce ka yi laihi, ka tashi. Kada ka kawo zancen fanka, kada ka kawo zancen ofis. In ka ƙara kalma guda bisa haka, ka koma neman ma kanka sauƙi."

Gidan Liman na fara zuwa, bayan La'asar. Yana zaure da ɗalibai, da ya gan ni ya sallame su. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya miƙo hannu ba.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, na zo ne in ce laihin nawa na. Ni nib bari anka ɗauki hoton."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Munka kawo maka yaro shina tsoron idon mutum talatin. Kai kuma kan nuna shi ga idon gari duka. Jiya wani yat tare ni bakin masallaci shina yi min jaje, wai ashe abin Attahiru hauka na."

Bakina ya cika da bayani. Na sa hannu a aljihu na riƙe tasbaha, na ce, "Haka na, Malam."

"Kwana ashirin ko tsakar gida bai hito ba."

"Haka na."

Ya ce, "Allah shi kyauta. Tashi ka tahi."

Haka na bi su tara. Wani ya karɓe ni a ƙofa, wani ya aiko a ce ba ya nan alhali ina jin tarinsa. A shagon Gawon Nama yayan Sama'ila ya wanke ni tas a gaban masu kawo ɗinki, shi kuwa Sama'ila keken ɗinkinsa bai tsaya ba, bai kuma juyo ba. Na yi maganata ga bayansa na fita. Malam Ɗahiru ban same shi ba sam. Abokan aikinsa sun riƙa tsokanarsa da hoton, ya ɗauki hutu, daga hutu bai koma ba. Daga baya na ji ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu. Mutumin da ya kai ga shiga keke ya ce a tsaya, har ya yi gardamar canji. Ban sake ganinsa ba har yau, kuma duk abin da zan faɗa muku a gaba bai goge wannan ba.

Ofis suka ce tunda ba kowa, a mayar da ɗakin wurin ajiyar kaya. Na roƙi wata ɗaya. Na ci gaba da jera kujeru ina zarya tsakanin ƙofa da tulu.

A Talata ta tara, saura minti ashirin lokaci ya cika, labule ya motsa. Sama'ila ne. Bai zauna ba. Ya tsaya rigarsa jiƙe da gumi, ya dube ni cikin ido ya ce, "Malam, ka cuce mu."

Na ce, "Na cuce ku."

"Ka san ba mu iya cewa a'a. Kai ka hi kowa sani."

Na ce na sani.

Ya tsaya yana haki kamar wanda ya yi gudu. Ni kuwa, ko a wannan hali, idon sana'a bai rufe ba: abin da ya rubuta a matakinsa na goma shi ne ya gaya wa mutum a fuskarsa cewa ya yi masa ba daidai ba. Ya tsallake mataki huɗu a kaina. Ban faɗa masa a ranar ba.

Shi ya kafa sharuɗɗan da kuke gani a manne a bango yanzu. Waya a kwando a bakin ƙofa, har tawa. Baƙo ba ya shiga, ko wane ne, ko daga ina takardarsa ta fito, shi ya sa ku ma ɗaki kawai nake nuna muku. Duk abin da ke bukatar yarda, a tambayi mutum shi kaɗai, a ba shi mako guda, kuma in bai ce e da bakinsa ba, a'a ce.

Attahiru kuma ba ni na dawo da shi ba. Sama'ila ne ya yanka yadi ya tafi gidan Liman, ya ce ya zo auna Malam ƙarami, riga zai ɗinka masa. Tela da tef a wuya ba a hana shi shiga. Abin da suka faɗa wa juna a ɗakin ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ya koma gwaji, ya koma gyaran hannu, ya koma gyaran wuya, rigar da ba ta ƙarewa. A zuwa na biyar suka fito tare. Mutum biyar suka dawo cikin tara.

Daga matakin farko Attahiru ya sake farawa, kuma wannan karon ya fi wuya, domin yanzu ba zato yake ana kallonsa ba, ana kallon nasa. Mun ƙara abu ɗaya. Yakan tsaya ya yi mana karatu da ƙarfi, ba a cikin sallah ba, sai in ɗaga hannu ya yanke da gangan, ya tsaya shiru muna kallonsa har in ƙirga ashirin, sannan ya ci gaba. Ranar farko ya fita waje ya yi amai. Ya kurkure baki ya dawo. Kusan shekara muka yi a haka kafin ya ja mu La'asar.

Wata Talata ya warware ninkin takardarsa ya ce ya yi magana da mahaifinsa, ranar Alhamis shi zai ja Magariba, yana so mu zo.

Na ce, "Ka san tana iya ɗauke maka kuma?"

Ya ce, "Na sani, Malam. In ta ɗauke, in tsaya. Ai na iya tsayuwa yanzu."

Masallacin ƙarami ne, sahu huɗu. Liman yana sahun farko a kan kujera saboda ƙafarsa, dattawan unguwa a gefensa. Ni ina sahu na biyu, Sama'ila can ƙarshen sahun baya. Da aka ga wanda ya wuce gaba sai da masallacin ya yi tsit. Raka'ar farko muryarsa tana rawa, amma ta kai. A ta biyu ya kama sura, ya yi aya uku, ya yi huɗu, sai shiru.

Sahun farko cike yake da mahaddata, amma babu wanda ya ɗora masa. Kowa yana jiran Liman, don ba a riga uba a kan ɗansa, Liman kuwa bai ce komai ba. Ni, Allah ya yafe mini, ban ma san inda aka tsaya ba, ƙirga nake yi. Na kai goma sha biyu. Ina ganin bayan rigar Attahiru yana karkarwa, amma ƙafafunsa suna nan inda ya kafa su. Sha biyar.

Sai wata murya ta taso daga baya, da ƙarfi fiye da kima, tana rawa kamar za ta tsage, ta kawo farkon ayar. Attahiru ya karɓa, ya kai ta ƙarshe, ya yi ruku'u.

Bayan sallama babu abin da ya faru. Ku ji da kyau, domin wannan shi ne abin da ba sa yarda da shi sai sun gani: babu abin da ya faru. Wani tsoho ya yi ƙorafin an kashe fanka. Wani ya tashi nafila. Mutum biyu suka ba Attahiru hannu kamar yadda ake ba kowane liman. Mahaifinsa ya ɗago kai ya ce, "Wa yaɗ ɗora mai?"

Aka waiwaya. Wurin Sama'ila babu kowa. Da mutane suka watse sai ga takalmi ƙafa biyu a bakin ƙofa, ba mai su. Liman ya sa aka saka su a leda, ya miƙo mini da hannunsa, ya ce, "Ka kai mai. Ka ce ina gaishe shi."

Ranar Talata Sama'ila ya shigo da silifas ɗin wanka. Na miƙa masa ledar, na isar da gaisuwa. Ya buɗe ya duba, ya rufe fuska da tafin hannu.

Ya ce, "Wallahi Malam, da anka yi sallama ban san sadda nit tashi ba. Sai da nik kai Gawon Nama, yayana yac ce, kai ina takalmanka?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Na dube shi da sauri, domin mutum ne da dariyar wasu can a hanya takan hana shi fita kwana uku. Kafaɗunsa suna girgiza. Ya sauke hannun, ashe shi ma dariyar yake, har da hawaye.

Attahiru ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Alhamis mai zuwa ma ni na. Ka zo da takalman da ba ka so."